Sandar Fatsar Nagode Mahauci

A zamanin da ƙasar nan ke bin Sarkin Musulmi na Sakkwato, tun Nasara bai san hanyar Zamfara ba, an yi wani mahauci a Talata Mafara ana ce masa Nagode. In dai wuƙa ce kowa ya sallama masa, yana feɗe sa kafin mai shi ya gama shan furarsa. Ciwonsa guda ne: bai taɓa ganin aiki a hannun wani ba face ya ce da shi ne da ya fi haka kyau. Ya gaya wa magini bangonsa ya karkace, ya gaya wa masaƙi zarensa ya yi sako-sako, har ungozoma ya taɓa yi wa gyara ta bayan danga ranar da matarsa ke naƙuda.

Wata Talata kasuwa ta cika ta batse, sai ga wani masunci daga Bakura, Ɗan Asabe, ya zo ya shimfiɗa tabarma dab da rumfar mahauta, ya baje bandar kifi. Ƙamshi ya tashi. Masu cefanen da suka nufo nama suka riƙa karkacewa suna durƙusawa gabansa, Nagode kuwa na zaune yana korar ƙuda daga cinyar san da ya rataye tun hantsi. Da abin ya ishe shi sai ya taso yana goge hannu a walki.

"Sannu da rana, Ɗan Asabe. Ina gajiya? Ina mutanen Bakura? Ya ruwa?"

"Lahiya lau, Nagode. Ina gida, ina iyali? Ya ƙuda?"

"Suna gaishe ka." Nagode ya nuna wata siririyar sanda da ke jingine bayan masuncin, da zare naɗe a jikinta. "Wanga tsinken fa, na sakace ne?"

"Sandar fatsa ce. Da ita nika kamo abin da ka ga mutane na rububi."

Nagode ya ɗauka ya tanƙwara ta, ta bi hannunsa, ya sake ta, ta miƙe. Ya taɓe baki. "Tana lanƙwasa kamar wadda ta kwana da yunwa."

"Ai lanƙwasar ita ce aikin. Gindi da kauri, kai siriri. In kifi ya ja ta bi shi, in ya gaji ta maido shi. In ta ƙi rusunawa, ko ta karye ko zare shi tsinke."

"Shi ya sa ba ku kamo sai 'yan ƙanana. Ni in na haɗa tawa, giwan ruwa za ni jawowa, irin wanda sai an sa wuƙata an feɗe."

Ɗan Asabe ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Kai da ba ka taɓa shiga ruwan da ya fi na buta ba?"

Rumfa ta kwashe da dariya, har mahauta 'yan'uwansa. Dariyar nan ita ta jawo komai. Nagode ya ji jini ya hau masa kai, ya zare wuƙa ya ɗaga sama, ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa ba zai ƙara sa nama a bakinsa ba, na sa ko na akuya ko na zabo, sai ranar da ya jawo giwan ruwa da sandar da ya haɗa da hannunsa.

Can wani tsoho ya tuna masa cewa watan Babbar Salla ya kusa tsayawa.

Nagode ya ce, "To ai lokaci ya yi yawa ma."

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Matarsa Taibatu ta tare shi da ruwan sha, fuskarta a sake.

"Sannu da zuwa, Maigida. An ce ka yi rantsuwa kasuwa."

"An yi."

"Madalla. Rabona da in ci ƙashin miya ni kaɗai tun ina gidanmu."

Ta kawo masa tuwo da miyar kuka, fayau, ko ƙamshin kitse babu. Ita kuwa ta zauna bakin ƙofar ɗakinta tana taunar guringuntsi a hankali, yadda kowane ƙarus zai iso kunnensa. A kasuwa ma bai tsira ba. Abokan sana'arsa suka maida tukubar tsirensu ta inda iska ke busowa, hayaƙi na dukan hancinsa, suna yi masa bismilla suna ba shi haƙuri. Kwana kaɗan wandonsa ya fara zamewa. Ya ga in bai hanzarta ba yunwa za ta riga kifin kama shi, sai ya ɗaura wa jakinsa akumari ya nufi Maradun, inda ya ji gora na fitowa a bakin gulbi, irin mai gaɓa-gaɓar nan da ake yin sanda da ita.

A Maradun akwai wani tsoho mai yin baka da kibiya, Hamma, aminin mahaifin Nagode ne tun suna samari. Suka gaisa, aka tambayi na raye aka yi wa matattu addu'a, sannan Nagode ya faɗi abin da ke tafe da shi. Hamma ya raka shi bakin gulbi yana dogara sanda.

"Ka nemi wadda ta tsufa bisa gindinta, ta fara ja, ba kore shar ba. Ka rataye ta inuwa da dutse ɗaure ƙasa, ta bushe a miƙe. In ta bushe ka shafe ta da mai, ka riƙa gifta ta bisa garwashi kana miƙar da ita sannu. Amma kafin ta ga wuta ka huda kowace gaɓa, don iska na ciki. Kana jina, ɗana?"

"Ina ji, Baba."

Ba ya ji. Idonsa na kan wata ƙatuwar gora ɗanya shakaf, kaurinta ya kai dantsen ɗan dambe, tsawonta kuwa ana iya zunguro goruba da ita. Ya sa gatari.

Hamma ya ce, "Wagga kam azara ce. Ɗaki za ka rufe?"

"Baba, ku kun saba da abin harbin zomo. Ni babban aiki ke gabana."

Ya ɗaure ta a kan jaki, rabi ya wuce kunnuwa rabi ya wuce wutsiya, ya kamo hanya. Lafiya lau har Damaga, inda ya tarar da matan Fulani jere a bakin hanya da ƙoren nono a ka. Jaki ya hango ɗanyar ciyawa ya juya. Wutsiyar gora ta share ƙwarya biyu. Nagode ya ruga ya jawo kan jakin don ya ba da haƙuri, jaki ya juyo, kan gorar ya share sauran. Matan ba su tsaya shari'a ba, da ludayi da maburgi suka yi masa hukunci, suka kuma karɓe hularsa. Ya shigo Mafara fari fat da nono tun daga gira har ƙafa, ƙuda na yi masa rakiya. Wanda duk ya tambaya sai ya ce al'adar masunta ce, ana wanke sabuwar sanda da nono.

Taibatu ta dubi gorar da ta cika tsakar gida ta ce, "Maigida, sai yaushe za ta bushe?"

"Masu jira ke shanya. Ni da na san wuta?"

Bayan la'asar ya haƙa dogon rami kamar zai gasa balangu, ya cika shi da kara, ya kunna, ya kwantar da gorar a kai. Ya tsuguna yana juya ta yana yi wa Taibatu bayanin yadda ake yi. Gora ta fara gumi, ta fara tsuwa. Ya matso da kai don ya saurara.

Ƙarar da ta tashi, sai ka ce an harba bindiga a cikin tukunya. Kafin ya farfaɗo gaɓa ta biyu ta fashe, ta uku ta bi. A wancan zamani kuwa gari ba ya wasa da irin wannan ƙara. Wani ya yi kururuwa cewa mahara sun shigo. Maza suka fito da kwari da baka, wasu da wando a hannu, aka ruga rufe ƙofar gari. Maƙwabciyarsu Inna Kaltumi, tsohuwar da kullum ke kukan gwiwa, ta haye rumbu ta faɗa ciki ba tare da tsani ba. Da jarumai suka bi hayaƙi suka iso, sai suka tarar dangar da ta raba gidan Nagode da na Inna Kaltumi tana ci da wuta, shi kuwa yana zaune cikin toka, rabin gemunsa ya tafi.

Sarkin Fawa, shugaban mahautan garin, ya sauke mashinsa ya ce, "Nagode, ina maharan?"

"Waɗanne mahara? Gwaji nika yi. Gaɓar da ba ta da ƙwari ita ka fashewa. Yanzu na san na kirki."

Aka kashe wuta, aka ciro Inna Kaltumi daga rumbu da dawa a kunne, ta yi masa addu'ar da ba a maimaitawa.

Gorar ta tsage a tsakiya, amma Nagode bai karaya ba. Ya samo ɗanyar fatar sa, ya yanka ta siri-siri, ya naɗe wurin tsagar tam, ya bar ta a rana. A nan kam ya yi abin kirki, don ɗanyar fata in ta bushe tana kamawa kamar ƙarfe. Sai dai nasarar ta hau masa kai. Ya ce tunda fata ta yi a nan, za ta yi a ko'ina. Ya kafa ƙahon sa a gindin sandar ya zama mariƙi. Masunta na murza zaren auduga su shafe shi da kakin zuma don kada ruwa ya ci shi, shi kuwa ya ce wannan zaren ɗinkin hula ne, ya murza ƙiri, igiyar fatar nan da ake ɗaure bijimi da ita. Maimakon ƙaramar ƙugiya ya ɗauko ta rataye nama. Maimakon guntun karan da ke yawo a kan ruwa ya nuna in kifi ya taɓa, ya ɗaura ƙaton duma. Da ya zo neman abin da zai nutsar da ƙugiyar, sai ya shiga madafa ya fito da ɗan dutsen niƙan Taibatu.

"Maigida, da mi za ni niƙa?"

"In na kawo giwan ruwa wa zai tuna da niƙa?"

"To ka bar mini tukunya dai, ko da Allah zai sa."

Fatar ƙirin ba ta gama bushewa ba ta fara magana. Ungulaye suka zo suka jeru a kan ɗaki, karnukan unguwa suka tare a ƙofar gida. Inna Kaltumi, da yake yanzu babu danga, ta leƙo da hanci a toshe.

"Taibatu, wa ya rasu gidanku ba ku faɗi ba?"

"Ba kowa, Inna. Sandar Maigida ce."

Ya ce zai gwada jifa a tsakar gida kafin ya tafi. Ya kaɗa ya saki, ƙugiya ta tashi ta sauka a kan jinkar akurkin Inna Kaltumi, ya fizgo, jinka ta taho, kaji suka watse unguwa. Nagode ya dubi jinkar a gabansa da murna.

"Kin gani? Jifa guda, kamu guda."

Salla ta matso har an fara wasa wuƙaƙe, ya ce gobe sai Bakura. Jaki da ya hango gorar ya kwanta ya ƙi tashi, dole Nagode ya saɓa ta a kafaɗa. Mahautan Mafara suka rufe rumfa suka bi shi, wai za su taya shi ɗaukar kifi. Ga karnuka a baya, ga ungulaye na shawagi a sama. Mutanen Bakura da suka hango ayarin daga nesa sai da wasu suka fara salati, sun zaci gawa aka ɗauko.

Gari ya fito ƙwai da kwarkwata zuwa bakin tafkin Natu, har Liman ya zo da buzunsa ya zauna a inuwa. Masunta sun shanya tarunansu a kan gaɓa, jiragensu na kife a gefe. Ɗan Asabe ya zagaya sandar yana dubawa, ya ɗaga ƙugiyar da hannu biyu.

"Sannu da aiki, Nagode. Kada ne za ka kamawa?"

"In ya zo ba ni korar shi."

"Ƙirin nan in ya sha ruwa saki zai yi."

"Naku ka saki. Wanga, bijimi yake riƙewa."

Ya ɗauko wata ɗamarar fata, ya ɗaure mariƙin sandar a ƙugunsa, ya ƙulle ya sake ƙullewa. Ya juyo ga jama'a. "Ku masunta in kifi ya fi ƙarfinku sai shi tahi da sanda, ku koma gida kuna ba da labari. Ni na ɗaure ta jikina. Duk inda za ta, sai da ni."

Ɗan Asabe ya ce, "Wannan kam gaskiya ka faɗi."

Nagode ya soka ƙatuwar hanta a ƙugiya, ya yi bismilla ya kaɗa. Hanta ta suɓuce ta yi sama ita kaɗai, shirwa ta cafe ta tun ba ta sauko ba. Ya ce sadaka ce, dama ya yi niyya. Ya soka huhu ya sake kaɗawa, dutsen niƙa ya ƙi tashi, ya komo ya same shi a diddige. Ya yi tsalle da ƙafa guda ya ce yana gwada nauyi ne. A na uku ya ware ƙafafu, ya riƙa juya sandar a saman kansa, ƙiri na kuka a iska, jama'a suka zube ƙasa, har Liman ya kwanta a kan buzu. Ya saki. Duma da dutse da ƙugiya suka tashi suka tsallake wata doguwar ciyawa da ta rufe wani lungun tafkin, suka faɗa can baya inda ido ba ya kaiwa.

Aka ji tsulum. Aka kuma ji wani irin huci. Ciyawa ta girgiza, ruwa ya motsa, ƙiri ya miƙe.

Masunta suka dubi juna. Ɗan Asabe kansa ya taso tsaye.

Nagode ya ce, "Ku matsa. A kawo wuƙata, a share wuri."

Ya ja, ya ji nauyin da bai taɓa ji ba. Ya ja da baya taki guda, ƙiri ya biyo shi. Ya ƙara, ya biyo. Fatar ce ta sha ruwa ta yi laushi tana miƙewa kamar danƙo, shi kuwa ya ɗauka kifin ne ke tahowa. Ya yi ta ja da baya yana hawan gaɓa, yana yi wa jama'a darasi.

"Kun ga yadda aka yi? Ba a gaggawa. Ɗan Asabe, matso ka koya, ba kullum nika zuwa Bakura ba."

Yana cikin wannan ƙiri ya kai iyakarsa. Abin da ke bayan ciyawa ya ji an shaƙe shi, ya yi wani gurnani, ya zabura.

Wanda ya ƙifta ido bai ga tashin Nagode ba, takalmansa kawai aka gani a inda yake tsaye. Ya sauko gaɓar a kan ciki, ya ratsa ta kan tarun da Ɗan Asabe ya shanya, taru ya naɗe shi kamar ƙunshin daddawa. Ya haɗu da gefen wani jirgi da baki, aka ji ƙwas, ya wuce. Ya keta taɓo, ya keta ciyawa, ya faɗa ruwa mai zurfi. Allah ya taimake shi gora ba ta nutsewa, ya rungume ta da hannu da ƙafa, tana tafe tana tsaga ruwa, kansa na ɓullowa yana komawa. Masunta suka tura jirage za su bi shi. Kan ya ɓullo ya ce, "Kada wanda ya taɓa, na kusa gajiyar da shi," ya sake nutsewa.

Jama'a suka kwasa a guje ta bakin gaɓa, suna zagayawa ɗaya hayin. Suna isa abin na fitowa. Da farko ƙaho biyu suka ɓullo, dogaye, sai tozo, sai farin bijimi gaba ɗaya, yana huci, ƙugiya maƙale a igiyar da ke ɗaure a ƙahoninsa. Ya hau tudu ya girgije ruwa, ya jawo duma, ya jawo sanda, ya jawo Nagode, ya ajiye shi a gaban mutane.

Bijimin wani makiyayi ne, Dikko, wanda ya kawo garkensa shan ruwa ta bayan ciyawar. Sai ga shi ya iso da gudu, sanda a kafaɗa. Ya shafa sansa tun daga wuya har wutsiya, ya ga ko ƙwarzane babu, sannan ya juyo ga ƙunshin tarun da ke tari a ƙasa.

"Bawan Allah, mi sana ya yi maka?"

Nagode ya tofar da ruwa da ɗan ganye. Ya dubi bijimin, ya dubi mahautan Mafara da ke riƙe da ciki, ya tuna gobe jajibiri. Ya gyara zama a cikin taru.

"Jama'a ku shaida. Daga ina wanga abu ya hito?"

Aka ce daga ruwa.

"Da sandar wa?"

Aka ce da tasa.

"To abin da anka jawo daga ruwa da ƙugiya, in ba kifi ba mi ne ne? Giwan ruwa iri-iri ne. Wanga mai ƙaho ne, ba kowa ka samun shi ba."

Dikko ya sauke sandarsa daga kafaɗa, aka rirriƙe shi. Ɗan Asabe ya matso gaban Liman, wanda ya iso yana haki, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, ni ma ina da magana. In haka ne, abin da ke cikin taruna nawa ne. Na daɗe ina jefa shi, bai taɓa kamo tarwaɗa mai rabin gemu ba sai yau."

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya dubi Nagode da tausayi, irin wanda ke ɓoye dariya a cikin rawani.

"Nagode, ka ce kifi ne?"

"Kifi ne, Allah gafarta Malam."

"To madalla. Ka san kifi ba a yanka shi, halal ne yadda ya hito. Ga shi nan tsaye. Tashi ka sa haƙori ka gutsura, mu shaida, rantsuwarka ta cika."

Bijimi ya sunkuyar da kai ya tono ƙasa da kofato. Nagode ya buɗe baki zai kawo wata hujja, a nan ne kowa ya ga abin da gefen jirgi ya yi: haƙoran gaba, na sama da na ƙasa, sun zauna a Bakura. Maganar da ya so yi ta fito da fito kamar na mai kiran kaji. Dariyar da aka yi a bakin tafkin nan sai da shanun Dikko suka firgita.

Da aka lafa Liman ya raba gardama. Dikko ya kwance ƙirin ya naɗe, ya ce igiya ce mai kyau, ya yafe. Ɗan Asabe aka ce Nagode zai aiko masa da cinyar ragon layya saboda tarunsa da ya yage. Rantsuwa kuwa, Liman ya ce Allah bai ɗora wa bawa abin da ba ya iyawa ba, ya warware ta, ya ciyar da miskinai goma. Nan take masuntan Bakura suka fara ɗaga hannu, kowa na cewa shi miskini ne tun kakanni.

Aka ɗora Nagode a kan takarkari aka maida shi Mafara. A hanya ya tambayi Sarkin Fawa, cikin fito, ko sandar ta karye. Aka ce ba ta karye ba. Ya ce to a riƙa faɗin wannan ma in ana ba da labari.

Ranar Salla ya tashi da leɓe kamar an dafa. Haka ya yanka ragonsa, ya feɗe, ya aika wa Ɗan Asabe cinyarsa, ya hura wuta ya gasa balangu da hannunsa. Miskinai suka zo suka zauna a tsakar gida, ya raba musu, yana kallo suna ci suna lasar yatsu suna sa masa albarka. Inna Kaltumi ma ta ƙetaro da ƙoƙonta, ta ce a lissafa da ita. Da suka watse, Taibatu ta zaɓo tsoka mafi kyau, mai ɗan kitse a gefe, ta barbaɗa yaji, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"Bismilla, Maigida. Yanzu ya halatta."

Nagode ya ɗauka. Ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa. Ya kai baki, ya nemi inda zai kama ya rasa. Ya juya ta dama, muƙamuƙi ya ƙi. Ya juya ta hagu, yaji ya sami dasashi. Ya tsotse ta kamar mai shan tsamiya, ya daɗe yana tsotsa, sannan ya maida ta cikin akushi yadda take. Sarkin Fawa, da ya shigo barka da Salla, ya tambaye shi ya ya ji naman bayan dogon rabo.

Nagode ya share hawaye da bayan hannu. "Ya yi tauri. Duk wanda ya gasa wanga nama bai san aikinsa ba."

Taibatu ta jawo akushin gabanta, ta ɗauki tsokar ta gutsura.

"Kai ka gasa shi, Maigida."